Ranar da Ƙafar Malam ta Shanye Magani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara matan gidanmu a Zango na ce musu ƙafar mijina ta shanye magani ba. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, jiya ma na nemi carbina har na gaji, ashe yana wuyana, amma wannan ranar tana nan daram. Ban yi lakol ba, wato boko, faɗa nake ana rubuta mini. Wanda ya fi ni iya ba da labarin nan yana kwance a maƙabarta. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. (In kun ji maganata ta yi tsalle, kuka ne ya zo mini. Yana zuwa, yana wucewa.)

A shekarun fari ne, lokacin da gero ke bushewa tun bai kai gwiwa ba. Ni 'yar Gidimuni ce, bakin tafki, shi kuwa Malam mutumin Dogo ne. Sunansa ba na faɗa, ba kuma zan fara yanzu ba don ya rasu. Shi ma bai taɓa kirana da nawa ba, sai dai ya ce 'yar tafki. Aurenmu bai daɗe ba gona ta ƙi, muka tattara muka shigo birni, muka sami ɗaki a Zango a gidan wata tsohuwa, Iya Fanna, jinin Barebari, mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Malam ya shiga ga-ruwa. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga pampo zuwa gidajen masu hali, tun asuba har rana ta take. Abin da ƙafarsa ta tako mana shi muke ci. In ƙafar ta zauna, tukunya ma ta zauna.

Ta kuwa zauna. Wata safiya a turereniyar pampo ya taka dutse da garwa cike, ƙafar dama ta gurɗe. Abokan aikinsa suka riƙo shi har ɗaki, idon sawu ya kumbura kamar gora. Maɗori ya zo ya lallatsa, ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya ja ta Malam ya yi salati, ya ce a riƙa gasawa. Wajen lokotoro kuwa, wato asibiti, a cike yake da mutanen da fari ya koro da yaransu marasa lafiya, mai targaɗe kunya ma zai ji ya shiga layi.

Ni kuwa sai na ji ranata ta zo. Innata ta yi suna a Gidimuni wajen maganin ɗauri, na kuma tashi ina riƙe mata turmi. Na san yadda ake yi. A fara gasa wurin da tsumma da ruwan zafi. A kirɓa ganyen dogon yaro da kanwa, a zuba 'yar dusa don ta riƙe ɗumi, a ɗumama, a shimfiɗa kan ganyen tumfafiya, a manna a kan kumburin, a ɗaure. In ya bushe a kwance a sa sabo. Dogon yaro ko fari bai hana shi ganye, shi ya sa maganin bai yi wuya ba. Dusar ce ke ci mini rai, don a lokacin dusa abinci ce. Duk tafin da na zuba a magani, daga bakinmu na cire shi.

Ina cikin yi kumburin bai sauka yadda nake so ba, labari ya kai Dogo. Ranar kasuwa sai ga Yaya Habsu ta sauko daga kamyo, babbar motar kaya. Yayar Malam ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, don haka a wurina suruka ce sak. Doguwa ce, da can mai jiki, amma ranar nan zanenta ya kusa zagaye ta sau biyu. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa, ta amsa a taƙaice ta shige ɗaki wajen ƙanenta. Ni ina bakin murhu, ɗakin kuwa ba ƙofa sai asabari, duk abin da suke faɗa ina ji.

"Auta, wannan ƙafar ba ta birni ba ce," in ji ta. "Gurgu a birni bara yake yi. Gobe da safe kamyo zai koma, da kai za mu tafi."

"Ita fa, Yaya?"

"Ta je wajen iyayenta har abin ya lafa. A Dogo ba mu da bakin ƙari."

Ku da ba ku ga shekarun nan ba, ba za ku san nauyin maganar nan ba. "Har abin ya lafa" ta raba aure da yawa ba tare da an furta saki ba. Mace ta tafi gida, miji ya bi Kano ko wani wuri neman abinci, shi ke nan, sai labari. Na san mata a Gidimuni da har suka tsufa abin bai lafa ba.

Na ce a raina yau abu biyu zan yi. Zan yi wa Yaya abincin da za ta san ƙanenta ba a banza yake zaune ba, in kuma yi wa ƙafar nan ɗaurin da zai tashe ta. Na ɗauki kwanon sha guda da ya rage mini cikin kayan aure, na kai wa wata mai ƙuli-ƙuli a bayan gidanmu, ta ba ni abin da ta ba ni. Na dafa busasshiyar tafasa, ta tsufa ta yi tauri, sai na kirɓa ta a turmi da ƙuli-ƙulin da gishiri da yaji, na ƙara soyayyiyar dusa don ta yi auki. Na kwashe a ƙwarya na rufe da faifai. Na wanke turmin na kirɓa maganin, wannan karon na cika masa dogon yaro da kanwa don ya yi ƙarfi. Shi ma na kwashe a ƙwarya na rufe da faifai.

To ga inda fari ya cuce ni. A shekarar ƙoshi ba mai haɗa kwaɗo da magani, ko makaho ya bambance. Amma a shekarar nan abinci ganye ne da dusa, magani ma ganye ne da dusa. Duka biyun kore ne mai duhu, duka da ɗumi, ƙoren ma 'yan uwa ne, daga duma ɗaya aka fafe su. Na ajiye na ci a dama, na ɗauri a hagu. Ko kuwa na ci ne a hagu? Na tuna kajin Iya Fanna sun zo na kore su, na ɗaga ƙoren na ɗora kan turmi. Na tuna hawaye sun cika mini ido ina gogewa da bakin zane. Har yau ban san a ina suka yi musanya ba. Na sha zama in lissafa, kaina ya ɗau zafi in bari.

Yaya Habsu ta fito ta zauna a rumfar Iya Fanna. Na kai mata ƙwarya a rufe da ruwan wanke hannu, na durƙusa na tura gabanta, na ce, "Yaya, ga ɗan abin taɓawa." Na juya da sauri, don ba a tsayawa kan baƙo yana ci, balle suruka. Na ɗauki ɗaya ƙwaryar na shiga ɗaki. Ɗakin ba taga, daga hasken rana na fito, ga hawaye. Na gasa ƙafar, na kwashi abin na shimfiɗa kan tumfafiya, na manna, na ɗaure tamau.

Malam ya ja hanci. Ya sake ja.

"'Yar tafki, maganin yau ƙamshinsa daban ne."

"Ƙarfi na ƙara masa," na ce.

(Kada ku ce ina hancina yake. A kwanakin nan komai ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi mini, har tabarma. Na zaci yunwa ce.)

Ya ɗaga asabari kaɗan ya leƙa rumfa, ya daɗe yana kallo, ya saki. Ya dube ni kamar zai yi magana, ya fasa.

"Yana yi maka zafi?" na tambaya.

"Yana yi. Kamar yaji."

"To aiki yake. Kada ka taɓa shi."

"To," in ji shi.

Na fita na yi wanke-wanke, na kai wa Iya Fanna wuta, na yi azahar. Wajen la'asar na koma in duba ko ya bushe. Ɗaurin yana nan, sai dai kullin ba irin nawa ba ne, amma ban kawo komai ba. Na kwance. Jama'a, ba komai a ciki. Ganyen tumfafiya fes, tsumma fes, fatar ƙafa tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Na duba tabarma, na duba ƙarƙashin ƙafar, na girgiza tsumman. Ko ɗigo babu.

"Malam, ina maganin?"

Ya rufe ido ya ce, "Allah ne masani."

Kaina ya ɗaure. Na ga Innata ta kwance ɗauri ba adadi, kullum ganyen yana nan, ya bushe ya yi ɓawo, a kankare a zubar. Ban taɓa ganin ya ɓace ba. Na tsaya da tsumma a hannu ina tunani, can sai abin ya faɗo mini: ƙafar ce ta sha. Ƙarfin da na ƙara ne ya sa ta zuƙe shi duka, har dusar. Na sake duban kumburin, wallahi sai na ga kamar ya ragu. Shi kansa Malam fuskarsa ta saki, ya fi ɗazu kyan gani.

Da na yi shiru da bakina da an wuce wurin. Amma ina! Na fito tsakar gida da gudu, tsumma a sama kamar tuta.

"Iya! Iya Fanna! Ku zo ku gani, ƙafar ta shanye!"

Matan haya suka firfito, har da na maƙwabta da suka zo aron turmi. Na buɗe musu tsumman ina bayani, murya a sama don Yaya ta ji. Na ce wannan sirrin gidanmu ne na Gidimuni, ba kowa ake nuna wa ba. (Ƙarya nake, a lokacin na ƙirƙiro.) Na ce ƙafar da ta sha magani haka ba ta kai Juma'a a kwance. Wata ta ce ikon Allah, wata ta ce ita ma ta taɓa jin irinsa a Mirya. Iya Fanna ta ɗage zane ta miƙo gwiwa ta ce, "Ke 'yar nan, in gaskiya ne ga tawa, ta fi tasa ƙishirwa."

Muna cikin haka Yaya Habsu ta fito daga bayan gida da buta, tana tafe tana dafa bango. Ashe zuwanta na uku ke nan ko na huɗu, ni ban lura ba. Ta shiga rumfa ta ɗauko ƙwaryarta, da ma ta rage ɗan kaɗan a gindi kamar yadda baƙo ke ragewa masu gida. Ta dire ta a tsakiyarmu.

"Ku bar zancen ƙafa," ta ce. "Iya, ke babba ce. Ɗanɗana abin da yarinyar nan take ba ɗan'uwana, sannan ki ce in bar shi a garin nan."

Iya Fanna ta lakata ta kai baki. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta tofar har sai da kaji suka watse.

"La'ilaha illallahu! Habsu, kin ci wannan?"

"Na ci mana. A Dogo 'ya'yan anza na daji muke ci, ita ma ɗaci gare ta. Na zaci taku ce ta birni."

"Wannan dogon yaro ne da kanwa, baiwar Allah!"

Kowa ya juyo ya dube ni. Ni kuwa, don ku san irin kan da Allah ya ba ni, sai na yi dariya na ce, "A'a Iya, dogon yaro ai yana ƙafa. Ƙafar ta shanye shi." Na faɗa ina kallon ƙwaryar, sai tsoro ya kama ni. Na fara tunanin ko maganin ne ya bi ta ƙasa ya fito a ƙwaryar Yaya. Na tuna an ce tsofaffin gidajen Zango ba a rasa su da masu abu. Har na fara karanta abin da na iya a zuci.

Iya Fanna ta fizge tsumman daga hannuna ta shinshina. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta shinshina ta miƙa gaba. Kafaɗu suka fara rawa, ana danne dariya.

"Kai ɗan Dogo!" Iya ta ƙwala kira. "Fito nan in ga fuskarka."

Malam ya ɗingiso da sandar ga-ruwa ya tsaya bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Hasken la'asar ya sauka a fuskarsa. A gemunsa, nan ƙasan leɓe, ga ɗan guntun tafasa ya maƙale.

"Ɗana, ƙafar taka a gemu take da baki?"

Ya shafa gemun, ya dubi abin da ya fito a yatsansa, ya ga ba mafita.

"Iya, tun tana ɗaurawa na ji ƙuli-ƙuli. Na leƙa, na ga Yaya ta riga ta yi nisa da nata, tana ci tana runtse ido. Na ce in na yi magana yanzu kunya za ta kashe yarinyar nan. Na ce to in bar shi, ga yaji yana cin ƙafata, ga ciki yana kuka. Sai na raba gardama."

"Daga kan ƙafa ka ci?"

"A wanke take, Iya. Ita da kanta ta gasa ta da ruwan zafi."

Gidan ya fashe. Wata ta faɗi kan turmi, wata ta riƙe ciki tana neman a taimake ta, Iya Fanna tana dariya tana kuka da gwiwarta. Ni kuwa ina tsaye, har lokacin lissafin bai gama haɗuwa a kaina ba. Na buɗe baki a gaban surukata da matan unguwa na ce, "To shi maganin fa, ina ya tafi?"

Duk suka juya suka dubi cikin Yaya Habsu. Shi kuwa cikin, kamar jira yake, ya yi wani ƙugi da kowa ya ji. Ta suri buta.

A nan ne na gane. Na zauna daɓas a ƙasa na ja mayafi na rufe kaina. Da ƙasar Zango ba dutse ba ce da na tona na shige. Na ba yayar mijina maganin targaɗe ta cinye, na ɗaura kwanon aurena a ƙafa, na kuma tara mutane da bakina su zo su shaida. Na ce shi ke nan, ko kamyo ba sai na jira ba, da ƙafa zan tafi Gidimuni.

Da Yaya ta dawo ta zauna a tabarma tana haki, dariya ta lafa. Ta tambayi inda na sami ƙuli-ƙuli a wannan zamani. Ban iya ɗaga kai ba, Iya Fanna ce ta ce, "Kwanonta na aure ta kai, na gan ta. Dominki." Sai Yaya ta ce, ba ƙarfi a muryar, "Duk da haka gobe za mu tafi, Auta."

Malam bai taɓa musa mata ba tun yana yaro. Ranar nan ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. A Dogo wa zai ba ƙafata ƙuli-ƙuli?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata, dariyar kuma ta sake tayar mata da ciki.

Washegari kamyo ya tafi ba ita ba shi, don ko zaure ba ta iya kaiwa ba tare da ta juyo ba. Wani kamyon kuwa sai wata kasuwar. Haka na sami kwanakin da nake nema, ba da dabarata ba. Na yi jinyar mutum biyu. Ita ina dafa mata sabara tana sha cikin ya tsaya, shi ina gasa ƙafa safe da yamma ina ɗaura dogon yaro na gaskiya. Iya Fanna ta kafa doka, duk ƙwaryar da za ta fita daga hannuna sai ta ɗanɗana, ta sha ɗaci a makon nan har ta ce gwiwarta ta yi sauƙi. Kumburin ya sauka a hankali, yadda kumburi ke sauka, ganyen yana bushewa ina kankarewa. Kafin kasuwa ta zagayo Malam ya fara ɗaukar rabin garwa yana ɗingishi.

Yaya Habsu ta hau kamyo ita kaɗai. Na raka ta tasha ina riƙe da ƙullinta. Da za ta hau ta kama hannuna ta ce, "Riƙe shi, 'yar Gidimuni. Amma don Allah ki riƙa ɗanɗanawa."

Sunan bai bar ni ba. Har muka bar gidan Iya Fanna, har na aurar da 'ya'ya, a Zango Mai Ciyar da Ƙafa ake ce mini. Shi kuwa Malam, duk ranar da na zo masa da ƙwarya a rufe sai ya tambaya, fuska ba dariya, "Wannan na ci ne ko na ɗauri?" In yi fushi, ya yi ta jin daɗi.

A ciwonsa na ƙarshe ƙafafun suka kumbura duka biyu. Lokotoro ya ba da nasa, ni ma na kirɓa nawa, don hannuna ya ƙi zama. Ya kwana biyu ba ya magana sosai. Ina ɗaurawa sai na ji ya ja hanci, ya ce can ƙasa-ƙasa, "'Yar tafki, na ci ne ko na ɗauri?" Na ce na ɗauri ne. Ya ce, "Kash."

(Dakata kaɗan da rubutun.)

To, abin da na koya ba shi da yawa. Ina ɗanɗana komai kafin in miƙa, har ruwan wanka jikokina sun ce saura kaɗan in kurɓa. Na kuma san ƙafa ba ta shan komai. Ke da naki yake raye, in kin ga abin al'ajabi a ɗakinki, kafin ki fita ki tara mata, ki fara duba gemun mijinki. Ni yanzu ko magani ya ɓace ba gemun da zan duba.